Mu baƙi ne ko 'yan gida? Muhawara a zauren Hausawan Legas

Baban Khalifa (Agege):
Assalamu alaikum. Shugaban zaure, a ba ni dama, don abin ya fara yawa. A makon nan an turo mana saƙon murya iri biyu. Na farko yana cewa Bahaushe ya raba gari da Bafulatani, wai mu "Hausa zalla" ne, Fulani ne suka ja mana baƙin jini a kudu. Na biyu kuma yana cewa duk Bayarabe maƙiyin ɗan Arewa ne, a haɗa kai a rama a zaɓen 2027. Duka biyun na saurara har ƙarshe, kuma daga jin yadda suke kiran sunayen unguwanni ka san ba su taɓa kwana a Legas ba. Ni a Agege aka yanke mini cibiya. In an ce a tsani Bayarabe, maƙwabcina ne da muke sahu ɗaya da asuba. In an ce a tsani Bafulatani, surukina ne da ke kara a Oko-Oba. To mu da muke kwana muke tashi a nan, ina aka ajiye mu a wannan rabon?

Ɗan Gwari (Mile 12):
Wa alaikumus salam. Yaya, ka ajiye maganar sahu ɗaya. Ranar da rigima ta tashi ba a tambayar wa ka bi sallah. A Maris na 2016 ina Mile 12 aka yi wadda aka yi, aka rufe kasuwa, aka sa dokar hana fita, kayanmu suka ruɓe muna kallo. A Fabrairun 2021 aka ƙona wa 'yan'uwanmu rumfuna a Shasha ta Ibadan. Wa ya saurare mu? Sai da ƙungiyar dillalan shanu da kayan abinci ta tsayar da motoci, tumatir da albasa suka yi tashin gwauron zabi a nan, sannan aka tuna da mu. Ga mafarauta 16 da aka kashe a Uromi a Maris na 2025, suna kan hanyarsu ta komawa Kano. Ni ban ce a tsani kowa ba, amma duk wanda ya ce mana babu ƙabilanci a ƙasar nan yaudararmu yake yi.

Baban Khalifa:
Ƙanena, ban ce babu ba. Amma ka faɗi rabin labarin tsayar da motocin. A wancan makon manoman Kura da Kadawa kuka suka yi, kwandon tumatir ya faɗi warwas saboda babu inda za a kai shi. Kai kanka ka yi ciniki a kwanakin? Mun hora su, mun hora kanmu.

Ɗan Gwari:
Ban yi ciniki ba, amma na yi barci da daraja.

Alhaji Mai Goro (Zango, Agege):
Salamu alaikum yarana. Jikana ne yake rubuta mini, don idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan.

Ɗan Gwari, na ji zafinka, kuma ban raina shi ba. Amma bari in ba ku abin da muka gani. A watan Yuli na 1999 aka yi rikicin Shagamu a lokacin bikin Oro na gargajiyar Yarbawa. Da aka kai gawarwaki da waɗanda suka tsira Kano, sai aka far wa Yarbawan da ke can, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Kafin shekara ta ƙare aka yi na Ketu. A Fabrairun 2002 aka yi na Idi-Araba da 'yan ƙungiyar Yarbawa ta OPC, kwanaki kaɗan bayan fashewar bama-baman barikin Ikeja, gari bai gama binne mutanensa ba. Abin da na koya shi ne, duk dutsen da aka jefa a can, a kanmu yake sauka a nan, wanda aka jefa a nan kuma yana sauka a kan mai shagon Sabon Gari. A wancan zamanin sai mota ta yi kwana biyu a hanya kafin labari ya isa, dattawa su samu sararin shiga tsakani. Yanzu kafin ka idar da alwala hoto ya kai Sakkwato, wani lokacin ma hoton na wata ƙasa ne.

Kuma ku sani ba jiya muka zo garin nan ba. Tun 1863 Bature Glover ya kafa rundunarsa da Hausawa a nan Ikko. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro na hawa, shanu na sauka, a haka Agege ta cika. Duk da haka iyayenmu ba su taɓa jayayya da masu gari kan ƙasa ko sarauta ba. Suka naɗa Sarkin Hausawa ya riƙe nasu, suka girmama Oba. Baƙo raɓa ne. Ku nemi halalinku, ku bar musu siyasarsu.

Baban Khalifa:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Amma Baba, a gafarce ni, raɓar da ta shekara ɗari ba ta bushe ba ai ta zama ruwan gari. Khalifa ya gama sakandare, aka ce ya kawo takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. A nan aka ce ba ɗan Legas ba ne. Muka tafi garin kakansa, ma'aikacin ya dube shi ya ce wannan ai Bayarabe ne, ji hausarsa. Sai da mai unguwa ya tuna gidanmu sannan aka sa hannu. Yaron da bai san kowa ba a garin, shi ne wai ɗan asalin can. Garin da ya san kowane lungunsa kuma shi baƙo ne.

Barista Hadiza (Ikeja):
Baban Khalifa, abin da ya samu ɗanka ba muguntar wani ma'aikaci ba ce kaɗai, a cikin kundin tsarin mulki yake zaune. Kundin 1999 yana magana da baki biyu. Sashe na 41 ya ce kana da 'yancin zama duk inda kake so a Najeriya. Sashe na 42 ya hana a nuna maka bambanci saboda ƙabila ko addini ko asali. Sashe na 43 ya ba ka damar mallakar fili ko gida a ko'ina. Amma sashe na 14 ya kawo rabon muƙamai tsakanin jihohi, sashe na 147 ya ce a ɗauko minista daga kowace jiha kuma ya kasance ɗan asalinta, sashe na 318 kuma ya ɗaura zama ɗan jiha a kan iyaye ko kakanni, ba a kan inda aka haife ka ko inda kake biyan haraji ba. Tunda gurbin karatu da aikin gwamnati da tallafi duk ta ƙofar asali suke bi, dole kowa ya rungumi ƙabilarsa. Ɗan siyasa bai ƙirƙiro wannan ba, ya tarar da shi ne ya mayar da shi jari.

Sai dai ina da tambaya ga zauren nan, kuma ina son amsa ta gaskiya. Muna son a karɓi Khalifa a matsayin ɗan Legas. Shin mun yarda yaron Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano, wanda ya fi Khalifa iya Hausa, ya zama shugaban ƙaramar hukumar Fagge? An taɓa yi a ƙasar nan. Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. A nan Legas Ben Akabueze, ɗan Anambra, ya yi shekaru yana kwamishinan kasafin kuɗi. Mu me muka bayar?

Ɗan Gwari:
Anti Barista, Kano daban. Can akwai addini da al'ada da za a kare.

Barista Hadiza:
Abin da Bayaraben Isale Eko, tsohuwar unguwar 'yan asalin Legas, yake faɗa ke nan, harafi da harafi.

Yakubu (Ojo):
Na daɗe ina karatu a zauren nan ban cika magana ba, amma yau zan yi. Ni Kirista ne daga kudancin Bauchi. Da Hausa aka raine ni, da Hausa nake addu'a, ranar Lahadi da Hausa muke sujada a nan Ojo. In na hau danfo, kwandasta aboki yake ce mini kamar yadda yake ce wa Ɗan Gwari. Da rigima za ta tashi a Alaba Rago, ba wanda zai tsaya duba sunan baftismata. Amma in na koma gida, waɗanda muke cin wannan wulaƙancin tare a nan su ne suke kirana da sunan da ba zan maimaita ba.

A 2023 zauren nan ya cika da murnar tikitin Musulmi da Musulmi. A lokacin Bayarabe ɗan'uwa ne, ni ne bare. Yau an ji jiki da cire tallafin mai, Bayaraben ya koma maƙiyi, ana nemana in dawo mu zama "Arewa ɗaya". Kuma da aka kashe ɗaliba Deborah a Sakkwato a Mayun 2022 bisa zargin ɓatanci ga Annabi, na jira in ga wani ya ce ba daidai ba ne a ɗauki doka a hannu. Shiru. Da aka yi Uromi ni na fara yin ta'aziyya a nan, ku duba baya za ku gani. Ba gori nake yi ba. Ina so in san ko ina cikin "mu" ɗin da kuke faɗa, ko sai ranar da ake buƙatar yawa.

Abu Sumayya (Idi-Araba):
Malam Yakubu, kada a haɗa maganar taɓa Manzon Allah (SAW) da siyasa. Wannan layi ne da ba a tsallakawa. Kuma ku ma fa kuna da naku. Wa ya kai ƙararmu Amurka har Trump ya sa Najeriya a jerin ƙasashen da ake zalunci kan addini a Oktoban 2025? Mutanen Zamfara da Katsina da Borno da ake kashewa kullum ba Musulmi ba ne? Su wa ya kai ƙararsu?

Yakubu:
Ban ce a taɓa Annabinku ba, kuma ba zan yarda a yi a gabana ba. Cewa na yi akwai kotu. Na Zamfara kuma ina jin zafinsu, ƙanwar matata a Gusau take aure. Amma ka lura, na ambaci mutum ɗaya, ka amsa mini da wasu gawarwakin. Haka muke yi duka, har mu. Kowa na riƙe da lissafin mamatansa, yana jiran a ambaci na wani ya zaro nasa.

Alhaji Mai Goro:
Yakubu ɗana, kana ciki. Wanda ya ce ba ka ciki ya zo Zango ya same ni. Abu Sumayya, malamai sun ce hukunci na hukuma ne, ba na taron jama'a ba. A bar nan haka.

Maman Iman (Obalende):
Sannunku da ƙoƙari. Ni mahaifiyata Bayarabiya ce 'yar Epe, mahaifina Bakatsine, don haka duk zagin da aka yi a zauren nan rabinsa a kaina yake sauka. Abu Sumayya, ina so in tuna maka wani abu. 'Ya'yanmu mata da suke sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas yau, wa ya yi musu yaƙin? Ɗalibai Musulmi Yarbawa ne da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN. Suka sha kaye a babbar kotun jiha a 2014, suka yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara a 2016, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Yunin 2022. Shekaru takwas suna zirga-zirgar kotu, ba su ƙona ko taya ɗaya ba. Mu da muke ganin mun fi su addini, nawa muka tara musu na lauya?

A dangin mahaifiyata akwai Alhaja, akwai diyakon, ranar Ileya, wato Babbar Sallah, tare ake cin rago, ranar Kirsimeti tare ake cin shinkafa. Ba na cewa su mala'iku ne. Na ga yadda wasu daga cikinsu suka yi wa Ibo a zaɓen gwamna na 2023, har ni aka tare a layi aka ce in yi Yarbanci kafin in wuce. Na yi, na wuce, matar da ke bayana ba ta iya ba, ta juya gida. Abin ya tsaya mini a rai har yau. Su nasu ciwon ƙabila ne, mu namu addini, kowa kuma yana ganin na ɗan'uwansa ne cuta.

Sadiq (Akoka):
Iyayena da yayyena, a yi mini afuwa in sa baki. Akwai abin da ba a ambata ba: faɗan nan yanzu sana'a ce. Tun 2023 X ta fara biyan masu manyan shafuka gwargwadon yadda ake tururuwa a kan rubutunsu, Facebook ma ta buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar samun kuɗi. Ba abin da ke tara jama'a kamar zagin ƙabila. Wanda ya rubuta cewa a gyara magudanar ruwan Agege mutum goma za su kula shi. Wanda ya rubuta cewa Hausawa ƙazamai ne ko Yarbawa maciya amana ne, kafin magariba ya tara dubbai, rabinsu masu zaginsa, kuma zagin ma kuɗi ne a wurinsa. Duk lokacin da muka turo irin saƙon nan zaure don mu nuna ɓacin rai, aiki muke yi masa kyauta.

Sannan muna shigo da faɗan da ba namu ba. A Amurka suna rigima kan zubar da ciki tun da kotunsu ta soke hukuncin 1973 a 2022, da batun jinsi, da baƙin haure. Sai ka ga saurayi a Mushin ya zaɓi ɓangare, yana kare Trump saboda a ganinsa Trump yana adawa da auren jinsi, bai damu da abin da mutumin yake cewa kan Musulmi da baƙi ba. A 2024 aka yi ta ce-ce-ku-ce kan yarjejeniyar Samoa da Najeriya ta sa wa hannu, wai ta ƙunshi auren jinsi, alhali dokar hana auren jinsi ta 2014 tana nan ba wanda ya taɓa ta. A daidai lokacin kuɗin mota da na shinkafa suna ninkawa.

Kuma ku duba yadda aka raba mu biyu a kan abu ɗaya. A Oktoban 2020 matasan kudu suka fito kan zaluncin 'yan sanda, da yawanmu muka ce makirci ne a kan Buhari. A Agustan 2024 matasan Arewa suka fito kan yunwa, da yawa a nan suka ce makirci ne a kan Tinubu. Ɗan sandan bai canza ba, yunwar ma haka.

Ɗan Gwari:
Ɗan boko ka iya tsara zance. To mayar da hedikwatar hukumar filayen jiragen sama ta FAAN da wasu sassan CBN Legas a 2024 shi ma X ce ta ƙirƙira? Da rigimar rabon harajin VAT da gwamnonin Arewa suka yi ta yi?

Sadiq:
A'a Yaya, waɗannan gaskiya ne, kuma a yi muhawara a kansu. Amma kai da ake cewa Legas ce ke tara harajin, katin wayarka da kuɗin rumfarka da tikitin da 'yan agbero, wato 'yan kamashon tasha, ke yanka wa motarka a ina kake biya? Kana cikin masu tara wa Legas kuɗi, amma in an zo faɗa kana tsaya wa gwamnan da bai san kana raye ba.

Mai Keke (Mushin):
Ni ban yi karatu mai zurfi ba, a yi haƙuri da rubutuna. Da acaɓa nake yi. Bayan an kashe wani mai haɗa sauti a Lekki a Mayun 2022, gwamnati ta hana acaɓa daga 1 ga Yuni a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Mainland, daga baya aka ƙara da Mushin da Oshodi da wasu. Kisan nan ba daidai ba ne, kuma a cikinmu akwai yara marasa ji masu bin hanya ta baibai, wannan gaskiya ce. Amma dubbanmu aka hukunta. Aka kama babura aka niƙe, nawa ma bashi ne ban gama biya ba. Yawancin yaran 'yan Borno da Yobe ne da Boko Haram ta koro. Masu saƙon murya ba wanda ya aiko mana da ko kuɗin mota. Wanda ya ba ni keken da nake ja yanzu Bayarabe ne, wanda ya karɓi cin hanci ya ƙi sakin babur ɗina shi ma Bayarabe ne. Ni dai ban san wanne zan tsana ba.

Barista Hadiza:
Mai Keke, ka san dalilin da ya sa aka iya yi muku haka ba tare da an zauna da ku ba? Ba ku da ƙuri'a a nan. Ku dubi alƙaluman 2023. Obi ya samu 582,454 a Legas, Tinubu 572,606, tazarar ba ta kai 10,000 ba. Masu rajista sun haura miliyan 7, waɗanda suka fito ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Makonni uku bayan haka Sanwo-Olu ya ci zaɓen gwamna da sama da 760,000, bayan an shafe kwanaki ana yi wa abokin takararsa Gbadebo Rhodes-Vivour gorin cewa mahaifiyarsa Ibo ce. A irin wannan lissafin, jama'ar Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago ba abin wasa ba ne. Amma da yawanmu katinmu na Funtuwa ne ko Haɗeja, ranar zaɓe mu cika mota mu tafi, mu dawo mu ci gaba da zama a ƙarƙashin kansilan da ba mu zaɓa ba. INEC tana ba da damar sauya rumfar zaɓe duk lokacin da aka buɗe rajista, katin LASRRA na mazauna jiha kuma na kowa ne, ko ina ne asalinka.

Alhaji Mai Goro:
'Yata Barista, na ji hujjarki. Tsorona ɗaya ne. Ibo sun nuna yawansu a akwati a Fabrairu, kin ga abin da ya biyo baya a Maris. Ranar da aka ce ƙuri'ar Hausawa ce ta kayar da ɗan gari, wa zai tsare mana Zango? A 1993 Abiola ya kayar da Bashir Tofa a Kano ba wanda ya zagi kowa, amma wancan zamani ne, wannan wani ne.

Baban Khalifa:
Baba, shirun ma bai tsare baburan su Mai Keke ba.

Abu Sumayya:
Ni dai ba zan mayar da katina nan ba. Gobe in an ce kowa ya koma garinsu fa?

Maman Iman:
Ni in an ce haka, Katsina zan nufa ko Epe? Ka taimaka mini da amsa, Malam.

Shugaban Zaure:
Jama'a, dare ya yi, kuma wasu da asuba za su sauke kaya. Daga yau duk wanda ya turo saƙon murya ko bidiyon da bai san wanda ya yi shi ba, ko ina aka yi, ko yaushe, za a goge, in ya sake a fitar da shi na mako guda. Wannan ya haɗa da na "Hausa zalla" da na zagin Yarbawa da na zagin kowane addini. Barista, ki turo mana matakan sauya rumfa a rubuce, mai so ya yi, wanda ba ya so ba dole. Maganar da Baba Alhaji ya kawo ta tsaro kuma ba ta waya ba ce, za mu kai ta zaman ranar Lahadi bayan la'asar. Malam Yakubu, kafin lokacin kun tashi daga sujada, don haka muna sa ran ganinka.

Ɗan Gwari:
Shugaba, na Uromi da na turo ai na san inda aka yi shi. Shi ma za a goge?

Shugaban Zaure:
Naka na gaskiya ne, amma akwai gawa a ciki kuma akwai mata da yara a zauren. Na riga na goge.